Injiniyan da Bijimi Ya Karya

Na fara aikin kula da marasa lafiya a gidajensu a shekarar da ƙanƙara ta rufe Washington, har gwamnati ta yi kwanaki ba ta buɗe ofisoshinta ba. Lokacin shekararmu huɗu a Amurka. Maigidana yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, yaranmu biyu sun shiga makaranta, ni kuma na gaji da zama a hawa na tara ina kallon motoci ta taga. Wata Hajiya 'yar Kumasi da muke haɗuwa a shagon kayan miya na Landover ita ta nuna mini hanya. Na yi kwas na 'yan makonni, aka ba ni takarda, kamfanin da take yi wa aiki ya ɗauke ni.

Gida na uku da aka tura ni yana nan Alexandria, tasha biyu a jirgin ƙasa daga gidanmu. Hajiya ta taɓa aiki a can, don haka na kira ta in ji labari.

Ta ce, "Ƙanwata, wannan ba tsoho ba ne. Bai fi talatin da biyar ba. Sa ne ya buge shi."

Na ce, "Sa kuma, Hajiya? A Alexandria?"

"A'a, can ƙasar Sifen. Da ƙafarsa ya je."

Bature ne dogo, mai jan gemu. Kafin abin ya same shi yana aikin kwamfuta a wani kamfani da ke yi wa gwamnati kwangila, shi ya sa a gidanmu muke ce masa Injiniya. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Yana iya ɗaga hannuwansa, amma yatsun a lanƙwashe suke, ba sa riƙe ko cokali. Kujerarsa mai batir ce, yana tuƙa ta da bayan hannu.

Aikina daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma. In ɗaga shi daga gado da na'urar ɗagawa, in yi masa wanka, in zubar da jakar fitsari, in sa masa kaya, in ba shi abinci a baki. In yana kwance, duk awa biyu sai na juya shi. In yana zaune, duk rabin awa sai na kwantar da kujerar baya na 'yan mintuna, don jini ya zagaya, kada fatar mazauninsa ta mutu. A makon farko kunya ta hana ni cin abinci. Ban taɓa ganin tsiraicin wani namiji ba sai na mijina. Maigida bai tambaye ni yadda aikin yake ba, ni ma ban faɗa masa ba. Kafin wata ya cika, kunyar ta tafi. Ba wani abu ne ya maye gurbinta ba. Ina wanke shi ina tunanin abin da zan dafa da yamma.

Sai da Yuli ya kama na san yadda abin ya faru. Ran nan na gama ba shi karin kumallo ya ce in kai shi gaban kwamfuta, in kuma tsaya in gani. Wani siririn titi ne na duwatsu, cike da mutane sanye da fararen kaya da jan ƙyalle a wuya. Aka harba wani abu sama, sai ga bijimai baƙaƙe sun fito a guje, mutane na gudu a gabansu, wasu na faɗuwa, wasu na hawa katanga. Minti uku bai cika ba aka gama.

Ya ce, "Na yau ke nan. Kullum da safe ake yi, har kwana takwas."

Daga nan ya buɗe wani tsohon bidiyo, ya tsayar da shi a wani wuri, ya nuna mini wani mutum a gefen dama.

"Ni ne wannan."

Na gan shi yana gudu, yana waiwaye, bakinsa a buɗe. Wani bijimi ya zo ta bayansa ya goge shi da kafaɗa. Ba ƙaho ba, kafaɗa kawai. Ya faɗi, kansa ya bugi gefen titi, mutum biyu suka faɗa kansa. Shi ke nan. Na ɗauka zan ga jini, ban gani ba.

Ya ce, "Ko ganina bai yi ba. Hayaniya yake gudu. Da yamma ina ɗakin tiyata suka kashe shi a filin wasa."

Ban san abin da ake faɗa ba a irin wannan wuri, sai na ce masa mu ma muna da irinsa. Ni 'yar mahauci ce daga Katsina. Na gaya masa yadda ake hawan ƙaho a jajiberin Sallah: a ɗaure sa da igiya biyu, ɗaya a ka ɗaya a ƙafar baya, a zaga gari da shi ana kiɗan kalangu, a murɗe masa wutsiya har ya fusata, sannan saurayi ya tako ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ya rungume wuyansa, san yana wujijjiga shi. Babana shi ne mai riƙe igiyar baya. Ɗan wansa kuwa, wanda a gidanmu ya tashi, ƙaho ya shige masa cinya wata shekara, har yau da sanda yake tafiya.

Injiniya ya ce, "San fa? Me aka yi da shi?"

Na ce, "Washegari aka yanka shi, muka ci."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na danna masa ciki, don shi ba ya iya tari da kansa. Tun daga ranar, duk Yuli tare muke kallo. Ya koya mini gane wanda ya iya gudu da wanda giya ce ta kawo shi. Ni kuma na koya masa kallon dabba: wanda ya tsorata, wanda ya gaji, wanda ƙafarsa ke ciwo.

Mahaifiyarsa tana zuwa Talata da Juma'a. Tsohuwar malamar makaranta ce, siririya, mai farin gashi, kullum da jakar takardu a kafaɗa. Bayan abin da ya sami ɗanta ta shiga wata ƙungiya ta masu neman a hana wasa da bijimai. In ta shigo ta tarar yana kallon bidiyon nan, sai ta wuce kicin ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba har a gama.

Wata rana ta zaunar da ni a kicin ɗin ta ce, "Ya nuna miki na safe. Bari in nuna miki na yamma."

Ta buɗe wayarta. Fili ne zagayayye mai yashi, dubban mutane a zaune. Wani a kan doki ya soka wa bijimin mashi a doro. Wasu suka zo suka kafa masa sanduna masu ƙugiya, suna reto a bayansa, jini na bin ƙafafunsa. Harshensa ya fito. Can wani mai riƙe da jan ƙyalle ya soka masa takobi, bai mutu ba, ya durƙusa, jini na fita ta hanci, ya sake miƙewa. Ta kafa mini ido tana jiran in yi magana.

Na tuna babana ba ya wasa wuƙa a gaban dabba, kuma sai ya ba ta ruwa kafin ya kayar da ita. Kafin ka gama bisimilla ya gama. Amma kuma shi ne dai mai riƙe igiyar baya ana murɗe wa sa wutsiya. Abin da ya zo mini a rai a lokacin, kuma na ji kunyar faɗa, shi ne naman nan ya riga ya lalace. Sai na ce mata, "Ya daɗe bai mutu ba."

Ta ce, "Minti ashirin." Ta mayar da wayar cikin jaka.

A shekarata ta biyu a gidan Injiniya, babana ya rasu. Ƙanena ya kira ni a waya, lokacin Injiniya yana rataye a na'urar ɗagawa, tsakanin gado da kujera. Na ce innalillahi, na ce zan kira shi, na ajiye wayar, na sauke Injiniya a hankali, na gyara masa ƙafafu a kan matakin kujera. Kafin in tashi daga aiki an riga an rufe babana. Mutane suka cika falonmu kwana uku, matan abokan aikin maigida suka kawo tuwo da shinkafa, Hajiya ta kawo waake, wato shinkafa da wake irin nasu na Ghana. Ina ta jiran kuka ya zo. Ran Litinin na koma aiki ina jira.

A shekara ta uku, bayan ƙaramar Sallah da 'yan makonni, tsohuwar ta shigo da wata takarda a hannu. Wasu mutane sun shirya kawo gudun bijimai nan Virginia, a wani filin tseren motoci da ke kudu, tafiyar awa biyu da wani abu. Ƙungiyarsu za ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa a gaban kujerarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta ce, "Ba sai ka yi magana ba. Su gan ka kawai. Ko mutum ɗaya ya juya ya koma gida, ya isa."

Na ɗauka zai ƙi. Sai ya ce, "To, zan je." Ya dube ni. "In za ki iya zuwa ran Asabar."

Muka tashi da sassafe a motarsa mai gangaren shigar da kujera, tsohuwar na tuƙi. Kafin mu isa rana ta yi zafi. Jikinsa ba ya zufa daga ƙirji zuwa ƙasa, don haka na riƙe kwalbar feshi ina fesa masa ruwa a wuya da hannuwa. Masu zanga-zangar ba su fi ashirin ba, yawancinsu mata, sun jeru a gefen hanya da kwalaye masu hoton bijimi cikin jini. Masu shiga kuwa ba sa ƙirguwa. Samari da 'yan mata da fararen riguna da jan ƙyalle, ana kiɗa, ana sayar da giya tun ƙarfe goma.

Tsohuwar ta rataya wani kwali a jikin kujerarsa. An rubuta cewa shi ma ya taɓa yin wannan gudun, a tambaye shi. Aka kuwa tambaye shi. Wasu samari uku suka tsaya suka karanta, ɗaya ya ce, "A Sifen? Na ainihin?" Da ya ce e, sai suka yi ihu, suka riƙa buga masa kafaɗa, suka durƙusa a gefensa suka ɗauki hoto da shi. Suka kira abokansu su zo su ga mutumin da ya yi na ainihi. Babu wanda ya juya. Tsohuwar tana tsaye da kwalinta, leɓɓanta na motsi.

Wajen sha ɗaya ya ce mini a hankali, "Cire kwalin nan. Akwai tikiti biyu a aljihun bayan kujera. Na 'yan kallo ne."

Na ce, "Mama ta sani?"

"Za ta gani."

Aikina shi ne in kasance inda yake. Na cire kwalin na jingine shi a jikin mota. Kujerar ta cije a tsakuwa, na sa kafaɗa na tura ta. Ban waiwaya ba, amma na san tana kallonmu.

Aka ba mu wuri a gaba, jikin shinge, inda ake ajiye masu kujera. Daga nan ina hango makeken garken ƙarfe da aka tara bijiman. Ba baƙaƙe ba ne kamar na bidiyo. Jajaye ne da masu roɗi-roɗi, manya, an dasashe musu bakin ƙaho. An ce daga wata jiha mai nisa aka kawo su a tirela, kuma ba za a kashe su ba, in an gama za a wuce da su wani gari. Suna tsaye a rana, babu inuwa, yawu na dalala daga bakinsu. Wani ja mai farin goshi yana ɗage ƙafar baya ta hagu, ya ajiye, ya sake ɗagewa.

Aka jera masu gudu a kan hanyar, wani ya yi ta magana a lasifika, aka ƙirga, aka buɗe ƙofa. Mutane a kan dawaki suka koro bijiman da ihu. Rabin masu gudun suka manne a shinge, wayoyinsu a sama. Wata yarinya ta faɗi a daidai gabanmu, bijimi ya tsallake ta kamar ya tsallake kwata. Can gaba wani ya faɗi, aka taka shi, aka zo da gadon ɗaukar marasa lafiya, yana kai yana ɗaga wa mutane hannu suna tafi. Ƙura ta lafa.

Injiniya ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Lokacin kwantar da kujera ya yi."

Ya ce, "In kin kwantar da ni sama kawai zan gani. Bari a yi na biyu."

Aka jera wasu mutanen, aka sake koro bijiman nan dai. Mai farin goshin ya zo na ƙarshe. Na sake yi masa maganar kujera, ya ce an jima. Ban matsa ba. Na san ya kamata in matsa. Zafi ya dame ni, ƙafafuna sun kumbura, kuma a gaskiya ban ji komai game da maganar ba, ko tsoro ko damuwa. Na ci gaba da fesa masa ruwa.

Aka gama zagaye na uku. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na zo in ji ko abin da na ji ran nan yana nan. Kafin in faɗi, akwai wani abu da na ji, kamar daƙiƙa goma. Shekara shida ina nemansa a bidiyo."

Na ce, "Yana nan?"

"Babu." Ya ɗaga lanƙwasasshen hannunsa ya nuna garken. "Kin ga jan nan?"

"Tun ɗazu. Ƙafar baya ce."

"Je ki gaya wa wani."

Na sami wani mai rigar ma'aikata na gaya masa. Ya ce akwai likitan dabbobi a wurin, ya yi mini godiya, ya ci gaba da magana a wayarsa. A zagaye na huɗu ban ga mai farin goshin ba. Ban sani ba ko maganata ce, ko dama za su cire shi.

Da muka fito muka tarar masu zanga-zangar sun watse. Tsohuwar tana zaune a mota, ta kunna sanyi, kwalayen na kujerar baya. Ba ta tambaye mu komai ba. A hanya aka yi haɗari a gabanmu, muka yi awa huɗu maimakon biyu.

Da na kwantar da shi na juya shi, sai na ga wani jan tabo a ƙasan ƙashin bayansa, bai fi faɗin kwabo ba. Na danna shi da yatsa. In fata lafiya take, sai ta yi fari sannan ta koma ja. Wannan bai canza ba. Na rubuta a littafin aiki, na kira nas, na gaya wa mai karɓar aikin daga hannuna da dare. Cikin kwana goma tabon ya buɗe ya zama gyambo. Muka yi ta wankewa, ana ta canza magani, yana ta zurfi. Shi ba ya jin zafinsa, sai dai ya tambaye ni, "Yaya yake yau?" in ce masa yana nan. Cikin Oktoba zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon ya kai ƙashi.

Babu wanda ya ɗora mini laifi. Kamfani ya karanta littafin ya ce na yi abin da ya dace. A barandar asibiti muka zauna da tsohuwar, kowa da kofin shayi na takarda.

Ta ce, "Ni na kai shi."

Na ce, "Ni ban kwantar da kujerar ba."

Ta gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. Muka shanye shayin.

Bai koma gidansa ba. Bayan tiyata biyu aka mayar da shi wani gidan jinya a Largo, aka saki ɗakinsa na Alexandria, ni kuma aka tura ni wurin wata tsohuwa mai ciwon mantuwa. Sau ɗaya na je duba shi, wata Lahadi cikin sanyi. Na shiga jirgin ƙasa na bi layin har inda ya ƙare, na taka sauran. Yana kwance a kan cikinsa a wani gado mai hura iska, an juya fuskarsa wajen bango. Ya rame, an aske gemun. Na zagaya na zauna inda zai gan ni.

Ya tambayi yarana, na ce babban ya shiga sakandare. Na tambayi mahaifiyarsa, ya ce ta bar ƙungiyar, yanzu kullum tana nan daga safe zuwa azahar. Sannan ya ce, "Za ki iya yanke mini farce? A nan sun ce sai wani mai zuwa sau ɗaya a wata, ga su suna shige mini tafin hannu."

Akwai abin yanke farce a jakata. Na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na yanke, na tara a kan takarda. Wasu sun riga sun huda fatar, na goge wurin da auduga. Da na gama ya ce ya gode, na ce Allah ya ƙara sauƙi, da Hausa na faɗa, bai tambaye ni ma'anarsa ba.

A jirgin dawowa na sami kujera kusa da taga, wajen na'urar ɗumi. Barci ya ɗauke ni tun kafin mu shiga Washington. Ban farka ba sai da wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa jikin kujerar ya ce nan ne tashar ƙarshe. Na wuce tamu da ɗaya. Na sauka, na tsallaka ɗaya gefen, na tsaya jiran mai komawa.